Rigar Juma'ar Idi

Tun da muka dawo daga kai kayan agaji, duk wanda na gamu da shi, a wurin aiki ko a gidan suna, sai ya tare ni da tambaya ɗaya: yaya aka ƙare? Nakan ce lafiya lau, an raba, an yi godiya. Gaskiya ce, amma ba ta cika ba, kuma na gaji da gutsura ta. Ga ta nan baki ɗaya. Na sauya sunayen mutane, ƙauyen ma ba zan kama sunansa ba. In kun kai ƙarshe za ku ga dalili.

Ƙarshen damina ne aka yi ruwa na kwana biyu ba ɗaukewa a wasu ƙauyuka da ke bayan Minjibir. Gidajen ƙasa suka sha ruwa, suka zauna. Mu kuwa muna da wata 'yar ƙungiya a unguwa, duk Juma'a mukan dafa abinci mu kai wa masu kwana a rumfunan kasuwa. Muka ce wannan karon a fita bayan gari. Na karanta sanarwa a gidan rediyon da nake aiki, na faɗi sunan ƙauyen da za mu kai wa agajin, na ce mai hatsi ko sutura ya kai harabar wata Islamiyya a unguwarmu. Wani dattijo da muke kira Baba Maigadi shi ke karɓa a bakin ƙofa.

Binta, tela ce a cikinmu, ita ta ɗauki nauyin tufafi. Ta sa aka zazzage kowace jaka, aka kakkaɓe, aka duba aljihu, sannan ta ware su bisa girma: na manyan maza buhu daban, na mata daban, na yara daban. Mun yaba mata ƙwarai. Babu wanda ya kawo a ransa cewa a ajiye sunan wanda ya kawo kaza.

Muka tashi ranar Asabar bayan sallar asuba a bas ɗin Malam Sule, ni da Binta a gaba, buhunan gero da masara da muka saro a Dawanau a baya, tufafi da tabarmi a sama. Har Minjibir babu abin faɗa, sai kunu da ƙosai da muka sha a bakin tasha. Da muka sauka daga kwalta hanya ta tsuke. Gero ya kai, ya fi motar tsayi dama da hagu, ba ka ganin komai sai kara da ɗan siririn sama. A wannan yanki babu daji, gona ce ke bin gona, iyakarsu ɗan layin gamba. Duk da haka muka yi tafiya mai nisa ba mu ga mutum ko ɗaya ba. Sai dai igiyoyin korar tsuntsu da aka rataya wa gwangwanaye, muna wucewa suna kaɗawa.

Na ce, "Malam Sule, wa ke jan igiyar nan?"

Ya ce, "Iska ce, Hajiya."

Na duba ganyen geron, ko motsi ba ya yi. Na faɗa masa.

Ya ce, "To, ki bar ni in yi tuƙi."

Iyakar tafiyar mota wani kwalbati ne da ruwa ya cinye rabinsa. A nan 'yan sa-kai suka gitta gungume, su uku, da sanduna. Babbansu ya leƙa motar, bai kula buhunan hatsi ba, sai ya ɗaga kai ya dubi na tufafi.

"An ware su?"

Binta ta yi farat ta ce, "Tsaf, Baba. Ko ɗan kamfai ba zai ɓata ba."

Ya gyaɗa kai, ya ce madalla, ya sa aka kira amalanke biyu, ba su iso ba sai bayan la'asar. Muka sauke kaya muka ɗora, Malam Sule ya ce shi a motarsa zai kwana, ba ya barin ta a hannun gwangwanaye. Muka bi shanu a ƙasa. Taɓo ya ƙwace wa Binta takalmi ɗaya, ta shiga ƙauyen da silifa a ƙafar dama, ta hagu a cikin leda.

Abin da na fara gani ƙofofi ne. Katangu sun narke sun zama tudun laka, amma ƙyauren langa-langa da dogaransa suna nan tsaye, layi-layi, kowanne da kwaɗo a kulle. A gabanmu wani mutum ya zo, ya ciro mabuɗi daga aljihu, ya buɗe ƙofa, ya yi sallama, ya shiga, alhali ta ko'ina zai iya taka laka ya wuce. Ya ɗauko wata tukunya, ya fito, ya sake kullewa. Da ya ga muna kallonsa sai ya ce, "Ba a shiga gida ta katanga, Hajiya, ko babu katangar."

Jama'ar duk suna makarantar firamare, mata da yara a cikin azuzuwa, maza a baranda. Na saba da ƙauye, na san da yamma ƙarar turmi ake ji. Nan babu, turamen suna ƙarƙashin laka. Yaran ma ba su biyo mu da ihu ba, suna tsaye jikin taga suna kallo.

A birni in muka kai abinci kasuwa, kafin a sauke kulolin abincin an yanyame mu, sai mun sa wani ya riƙe layi. Nan kowa ya zauna a inda yake. Liman, wani siririn dattijo mai sanyin murya, ya tsaya a tsakar fili yana kiran gidaje bisa jerin da suke kafin su rushe, daga gabas zuwa yamma, mai gida ya taso ya karɓa. Da ya kira gidan Idi, mace ce ta taso, doguwa, da 'yan mata biyu a bayanta. Ta karɓi geronta ba ta ɗago kai ba. Liman ya ce tufafi sai da safe, don aikin yana son haske.

Su da muka kawo wa abinci su suka ciyar da mu: dambun masara da rama, da dafaffiyar ɗanyar gyaɗa cikin kwano. Aka sauke mu a ɗakin sha-ka-tafi na ƙauyen, wanda ginin siminti ne. Gado ɗaya ne a ciki, na karɓar haihuwa. Binta ta ce ita ta gama da wannan gadon tun shekara goma, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa. Ni na hau, na kwana ƙafafuna sun fi kaina tudu.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a gindin wani gawo, aka kawo buhunan. Liman ya ce, "To, wanne ne na masu rai, wanne ne na waɗanda suka riga mu?"

Muka dubi juna. Sai a lokacin na gane warewar da mutumin kwalbati yake nufi.

Liman ya yi mana bayani ba tare da faɗa ba. A wurinsu ba a sa tufar mamaci haka kawai. Ana ba da ita da sunan mai ita, wanda ya karɓa ya wanke, ya shanya, ya yi masa addu'a da sunansa kafin ya sa a jiki. Wanda ya sa ba da suna ba, sun ce ya ci amanar mai kaya. Mu a birni in an yi rasuwa, bayan arba'in sai a cusa kaya a jaka a ba duk wanda ya zo wucewa, har ma gara a ce ba a san na wane ne ba. Na tabbata rabin abin da muka kawo ta haka ya fito.

Binta ta ce a hankali, "Na haɗe su, Malam. Duka."

Liman ya ce, "A kira Inna Delu."

Inna Delu ita ke wankan gawar mata a ƙauyen, tsohuwa ce ƙarama, idonta ɗaya ya yi fari. Ta zauna ta miƙe ƙafa, aka riƙa miƙa mata kaya ɗaya bayan ɗaya. Takan shafa wuyan riga, ta sa hannu a aljihu, ta kai hanci, sannan ta jefa dama ko hagu. Dama na masu rai. Na tambaye ta me take ji.

Ta ce, "Mai rai yana barin kansa a wuyan riga, ko an wanke. Wanda ya tafi, ya tafi da abinsa."

Ni dai na ɗauka kafur da warin akwati take bi, kuma har yanzu ina ganin da wannan a ciki. Amma ta ɗaga wata farar jallabiya, wankakkiya, gogaggiya, ba ta ko kai ta hanci ba ta ajiye a hagu, ta juyo da farin idon nan wajen Binta.

"'Yar nan, wannan kam kin san sunansa. Faɗa mana."

Binta ta dafe baki. Jallabiyar mahaifinta ce, ya rasu bara, ta sako ta cikin kayan ba ta gaya wa kowa ba. Ta faɗi sunan. Duk wurin aka ɗaga hannu aka yi masa addu'a. Sauran na hagun, da babu mai suna, Liman ya ce za a haɗa su a yi musu addu'a ɗaya, Allah ya san masu su.

Ana cikin haka Inna Delu ta jefa wata riga mai ruwan toka a hagu. Doguwar matar nan ta gidan Idi, wadda na ji ana kira Hansai, ta taso daga cikin mata, ta tako har kan tabarma, ta ɗauki rigar. Ta juya aljihun ciki waje. Akwai faci a wurin, da jan ƙyallen atamfa, ɗinkin hannu.

Ta ce, "Ta maigidana ce. Gawayin guga ne ya ƙona nan, ni na yi facin."

Wata mata ta raɗa mini labarin. Shekara huɗu ke nan da Idi ya tafi Dawanau dakon buhu bayan girbi, bai dawo ba, ba saƙo, ba wanda ya gan shi. Hansai ce ke noma gonarsa tana ci da 'ya'yanta mata biyu. Gonar tana kan tudu, ita kaɗai ce a danginsu ruwa bai kwanta a kanta ba.

Wani mutum mai furfura a gemu ya miƙe daga cikin maza. Garba ne, yayan Idi. Ya ce innalillahi, ya share ido, kuma na yarda hawayen gaske ne. Sannan ya ce, "Malam, ka gani da idonka. Inna ta sa ta a hagu. Shekara huɗu ina cewa a yi abin da ya kamata ana ce mini a jira. Gidana ya faɗi, gonata tafki ce, mutum goma sha ɗaya nake da su a makaranta. A yi masa salla, ta shiga takaba, a raba abin da ya bari, in sami inda zan kafa ko bukka ce."

Hansai ba ta dube shi ba. Ta ce, "Yaya, riga aka gani, ba a ga mutum ba."

Kowa a wurin ya san lissafin. Muddin Idi yana raye, gona tasa ce, tana hannun matarsa. In ya mutu bai bar ɗa namiji ba, za a yanka ta, Garba ya sami rabonsa, abin da zai rage wa Hansai da 'yan matan ba zai kai su wata damina ba.

Liman ya juyo gare ni. "Hajiya, ku kuka kawo ta. Daga hannun wa ta fito? In daga gidan rasuwa ne, magana ta ƙare. In mai ita ne ya bayar, ita ma ta ƙare."

Na ce mutum ɗaya ne zai iya sani, shi ne mai karɓar kaya. Aka ce ba a samun sabis sai a kan wani suri a bayan makaranta. Muka ɗunguma gaba ɗaya, maza a gaba, mata a baya. Na hau surin, Binta na riƙe da hannuna, na kira Baba Maigadi, na buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji. Na kwatanta masa rigar.

Ya ce, "Mai ruwan toka? Na tuna ta sarai, ita ce ta kusa cire mini haƙori. Ranar Laraba ne, bayan la'asar. Wani mutum ya zo, ya ce nan ne ake tara kayan mutanen ƙauye kaza? Na ce nan ne. Ya miƙo ta. Ita kaɗai ya kawo."

Garba ya matso ya ɗaga murya. "Baba, yaya kamanninsa? Dogo ne?"

"To, ba dogo ba, ba gajere ba."

"Fari ko baƙi?"

"Ɗan nan, rana tana bayansa, ni kuma idona ka san na tsufa. Na ce ya faɗi suna a sa masa albarka, bai amsa ba. Na sunkuya ina fama da ƙullin, da na ɗago babu shi. Layinmu kuwa Hajiya ta san shi, miƙaƙƙe ne, ba lungu. Har titi na leƙa."

Can cikin gero gwangwanaye suka kaɗa, suka yi shiru.

Sai Hansai ta yi magana daga bayan mata, ba ta ɗaga murya sosai ba. "Hajiya, ki tambaye shi wane irin ƙulli."

Na tambaya. Baba Maigadi ya ce, "Naɗe take kamar tabarma, wuyan a ciki. An ɗaure da jan ƙyalle, ƙulli uku, ɗaya kan ɗaya. Ya ci, ya ƙi kwantuwa, sai da na sa haƙori ƙyallen ya tsinke."

Hansai ta ce, "Shi ne. Haka yake ɗaure kayansa, babu mai yin ƙulli uku sai shi. Ya ji a rediyo gidansa ya faɗi, kunya ta hana shi zuwa hannu wofi, ya aiko da abin da yake da shi."

Inna Delu ta ce, "Ni dai hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Garba ya ce, "Malam, ka ji fa. Mutumin da ba a ga fuskarsa ba!"

Liman ya juya wajen Inna Delu. Sannan ya ce, "Inna, hancinki muna girmama shi, amma ba a binne mutum da hanci. Mai rai ne ya kawo riga ranar Laraba, ya kira sunan garin nan, matarsa ta shaida ɗaurinsa. Ba zan yi wa wanda ake kyautata zaton yana tafiya da ƙafarsa salla ba. Gona tana nan yadda take. Garba, ka zo da la'asar mu duba filin bayan masallaci, ba za ka kwana a baranda har rani ba."

Garba ya juya ya tafi. Aka koma gindin gawo aka gama rabo. Binta ta sami silifa a cikin kayan da ta kawo da kanta, daga tulin dama.

Bayan azahar muka kama hanyar kwalbati. Mun yi nisa cikin gero, Binta ta yi gaba da mai amalanke, sai na ji taku a bayana. Hansai ce, rigar tana ƙarƙashin mayafinta. Ta ce za ta taka mini. Muka yi tafiya kaɗan, sannan ta tsaya, ta waiga, ta warware rigar a tsakaninmu.

"Dubi nan, Hajiya."

Na duba. Wani faffaɗan layi ya ratsa bayan rigar, ya koɗe har ya yi fari-fari, sauran jikin kuwa launinsa na nan kamar sabo. A tsakiyar layin akwai siririn zobe inda launin bai koɗe ba, daidai faɗin ƙyalle.

Ta ce, "Maigidana bai iya naɗe riga ba, ko hularsa a ƙasa yake yarwa. Ni na naɗe ta da asubar da zai tafi. Ni na yagi bakin zanena na yi ƙulli uku, don kada ta warware a mota. Rigar Juma'arsa ce, ba shi da wata. Ranar Talata ya tafi."

Ta bar ni na yi lissafin da kaina. Daga Talata zuwa Juma'a kwana uku ne, kuma ba a taɓa kwance ƙullin ba sai a bakin Baba Maigadi. Ke nan Idi bai kai Juma'ar farko ba.

Na ce, "Hansai, to wane ne ya kawo ta?"

"Shi nake so ki nemo mini. Amma don Allah kada ki yi cigiya a rediyo, Yaya Garba ba ya rabuwa da rediyonsa." Ta naɗe rigar, wuyan a ciki. "Ki gaya wa Baban nan mai gadi kawai. In mutumin ya sake zuwa, kada ya tambaye shi suna. Ya tambaye shi a ina aka sa maigidana, kuma an yi masa salla ko ba a yi ba. In ba a yi ba, ni zan san yadda zan yi, ba sai garin nan ya ji ba."

Na ce, "Takaba fa?"

Ta ce, "Na yi ta tun shekarar farko, a ɗakina, wata huɗu da kwana goma. Kowa ya ɗauka ciwon ƙafa ne ya hana ni fita."

Ta yi mini Allah ya kiyaye hanya, ta juya ta shige cikin geron.

Na isar wa Baba Maigadi saƙon a daren da muka dawo, ban gaya masa dalili ba. Mun daina karɓar kaya tuni, amma ya ce har yanzu in la'asar ta yi yakan fito da bencinsa bakin ƙofa, ya zauna ta inda rana ba za ta kashe masa ido ba. Jiya na bi ta wurin na same shi a zaune. Ya ce mutumin bai zo ba tukuna.